Yadda Ake Shafa Wa Ɗaki Fenti Ja Mai Ruwan Hoda Ba Tare Da Ya Yi Dabbare-Dabbare Ba

Tambayoyin da ake yi mini a kan wannan launi ba sa wuce iri uku. Wani ya shafa har sau huɗu, farin da ke ƙasa bai daina leƙowa ba. Wata ta zaɓi launin a katin samfuri, da aka kai shi bango sai ya fito kamar ba shi ba. Na ukun kuwa aikinsa ya yi kyau ranar farko, amma kafin wata ya zagayo duk inda kafaɗa ko kujera ta goga sai ya bar tabo mai ƙyalli. Launin da ake magana a kai shi ne ja mai zurfi da ya karkata zuwa ruwan hoda, dangin jan garura, wanda ya ƙara farin jini tun da kamfanin Pantone, mai tsara lambobin launuka, ya zaɓi Viva Magenta ya zama launin shekarar 2023.

Akwai abin da za ku riƙe kafin ku fara. Abin da ke sa farin fenti ya rufe bango da wuri shi ne farar hodar titaniyam da ke cikinsa. Launi mai zurfi ba ya ɗaukar wannan hoda da yawa, don za ta dusashe shi, saboda haka ana haɗa shi ne a cikin ruwan fentin da kusan babu fari a cikinsa. Su kansu sinadaran da ke ba da ja mai haske, haske na ratsa su. Ke nan fentin yana zama a bango ne kamar siririn mayafi a kan farar riga, duk abin da ke ƙasa sai an gan shi. Yawancin matakan nan daga wannan dalilin suka taso.

1. Ku yanke inda zai zauna, da yawansa

Wannan launi yana shan haske. Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wani ma'auni a bayan katin samfuri, LRV, daga 0 zuwa 100, wanda ke nuna yawan hasken da launi ke mayarwa cikin ɗaki. Fari yana can sama da 80, shi kuwa ja mai zurfi yakan zauna ƙasa da 20. Ɗakin da kuka saba gani tarwai zai rage haske sosai, kuma zai yi kamar ya tsuke.

Hanya uku ce. Ta farko, bango ɗaya: wanda ido ke fara sauka a kai idan an shigo, ko wanda ke bayan gado, ko bayan doguwar kujera. Ta biyu, rabin bango: a shafa daga ƙasa zuwa tsayin mita 1 ko 1.2, sama kuma ya zama launi mai haske. Ta uku, a lulluɓe ɗakin gaba ɗaya. A ganina wannan ta ukun ta fi dacewa da ƙananan wurare da ba a daɗewa a ciki, kamar mashigar gida, ko lungun karatu, ko banɗakin baƙi. A can ƙarfin launin ado ne. A babban falon da ake wuni a ciki, bango huɗu ja yakan gajiyar da ido kafin a ankara.

Gargaɗi: kada ku zaɓi bangon da taga take jikinsa. Haske na shigowa ta bayansa ne, don haka da rana zai riƙa fitowa kusan baƙi. Bangon da ke fuskantar taga ko wanda ke gefenta shi ke nuna launin. Amma idan rana na dukansa kai tsaye awa da awanni, ku sani ja na cikin launukan da rana ke saurin koɗarwa, sai an haɗa da labule.

Haka kuma bango ja yana watsa launinsa a kan duk abin da ke kusa, har da fuskar mutum. Kada a sa shi daura da madubin kwalliya, ko a ɗakin ɗinki da zane inda ake buƙatar ganin ainihin launin kaya.

2. Gwaji kafin saye

Nan ne mafi yawan mutane ke yin asara, don suna ganin ɓata lokaci ne. Katin samfuri bai wuce faɗin yatsu biyu ba, kuma a ƙarƙashin fitilun shago kuka gan shi. Launi ɗaya idan ya bazu a kan murabba'in mita 12 yakan ƙara ƙarfi da duhu fiye da yadda kati ya nuna.

Ku sayi ƙananan gwangwanayen gwaji guda biyu ko uku: ɗaya wanda kuke so, ɗaya da ya ɗan fi shi karkata zuwa ruwan ƙasa, ɗaya da ya ɗan fi shi haske. Kada ku shafa su kai tsaye a bango, domin tsohon launin da ke kewaye zai ruɗi idonku, ga kuma shatin da za su bari a ƙarƙashin sabon fenti. Ku samo kwali mai kauri ko falankin katako, aƙalla santimita 50 kowane gefe, ku yi masa shimfiɗar toka, wato fentin farko mai ruwan toka da ake sawa kafin launi, irin wadda za a yi bayani a mataki na 7, sannan ku shafa launin sau biyu ko uku. Idan ya bushe sarai, ku jingina shi a bangon da kuka zaɓa, ku duba shi da safe, da rana tsaka, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna fitila. Ku kai shi kusurwa, ku kai shi kusa da labule da kujeru, ku ajiye shi a ƙasa daf da tayil ko kafet. Kwana biyu zuwa uku ya isa.

Batun fitila ba ƙarami ba ne. A jikin kwalin ƙwan lantarki akwai lamba mai harafin K. Ƙwai mai 2700K zuwa 3000K haskensa ruwan zuma ne, yana ɗumama launin ya fito da jansa. Mai 6500K fari ne fat da ke ɗan karkata zuwa shuɗi, shi kuma yana tura launin wajen shunayya, wani lokaci ya mayar da shi kamar na roba. Akwai wata lambar kuma, CRI, wadda ke nuna yadda ƙwai ke fito da gaskiyar launi. Ƙwayaye masu araha sun fi rauni a wajen ja, don haka ku nemi 90 ko sama. Sau da yawa wanda ke kukan fentinsa ya mutu da dare, ƙwai ne kawai ya kamata ya canza.

Gargaɗi: kada ku kai hoton waya shagon fenti ku ce a haɗa muku irinsa. Kowace waya da yadda take nuna launi. Ku yi amfani da lambar launi ta kamfanin, ko ta wani tsari da aka sani kamar RAL ko NCS. A tsarin RAL, misali, 3027 da 4010 duk suna cikin wannan dangi, na farkon ya fi ja, na biyun ya fi ruwan hoda. Ku rubuta lambar ku adana.

3. Irin fenti da ƙyallinsa

Bangon cikin gida fentin ruwa ake sa masa. Fentin mai na ƙofa ne da katako da ƙarfe, ko da yake yanzu akwai na ruwa da ke yin wannan aikin, kuma warinsa bai kai ba.

Sai zaɓen ƙyalli. Marar ƙyalli sam shi ya fi fito da zurfin launin, ya kuma ɓoye ƙananan tudu da kwarin bango. Matsalarsa ita ce gogayya: launi mai duhu marar ƙyalli, da an goga shi da tsumma ko kafaɗa sai wurin ya yi sheƙi, kuma ba ya komawa. Mai ƙyalli sosai yana wankuwa, amma yana tona asirin duk wata karkatar filasta. Na tsakiya, mai ɗan sheƙi kaɗan, shi nake ba da shawara a falo da mashiga da duk gidan da ke da yara. A ɗakin kwana, inda hannu bai cika kai wa bango ba, marar ƙyalli mai wankuwa ya yi. Ku duba a jikin gwangwani ko an rubuta cewa yana jure wanki.

A nan araha ba ta ado. Fenti mai rahusa ruwa ya fi yawa a cikinsa, launi da ƙaron da ke riƙe shi kuma kaɗan ne. Da farin fenti kuna iya tsira, da ja kuwa za ku yi shafa biyar ko shida, ƙarshe kuɗin ya zarce na mai kyau, sannan ya riƙa zuba a jikin tufafi.

Gargaɗi: kada ku sayi farin fenti ku zuba masa ruwan kala da hannu da nufin samun wannan launi. Fari ba zai taɓa kai ku ja mai zurfi ba, iyakarsa ruwan hoda mai haske. In kuka dage da zuba kala, fentin zai daina bushewa da kyau. A haɗa muku da na'ura, ko ku sayi wanda aka haɗo daga kamfani.

4. Lissafin lita da kuɗi

Ku auna kewayen ɗakin, ku ninka da tsayin bango, ku cire ƙofa da tagogi. Ɗaki mai mita 4 da 3.5, tsayinsa mita 3, kewayensa mita 15 ne, wato murabba'in mita 45. A cire kamar 2 na ƙofa da 3.5 na tagogi biyu, saura wajen 39 ko 40. Lita ɗaya na fentin ruwa takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya idan bangon sumul ne. Ku ɗauki 10 don kada a gaza. Ke nan lita 4 kowace shafa. Ku yi lissafin shafa uku, ba biyu ba, wato lita 12, ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɓarna da gyara nan gaba, ya zama 13 zuwa 14. Shimfiɗa kuma lita 4 zuwa 5. Idan bango ɗaya ne mai mita 4 da 3, lita 4 na launi da lita 1.5 na shimfiɗa sun wadatar. Bango mai kaushi ko sabuwar filasta sun fi haka sha.

Kuɗin wannan aiki ya fi na farin fenti ta hanya uku: litar launi mai zurfi ta fi tsada, shafar ta fi yawa, kwanakin aiki ma sun ƙaru. In mai fenti za ku ɗauka, ku yi ciniki a kan shimfiɗa ɗaya da shafa uku, a faɗa a fili tun farko. Wanda ya yi muku kuɗin shafa biyu, idan ya ga bai rufe ba, ko dai ya nemi ƙari ko ya lafta fentin da kauri ya gudu.

Gargaɗi: ku sayi duka a lokaci ɗaya. Gwangwanin da aka haɗa yau da wanda za a haɗa mako mai zuwa sukan ɗan bambanta, kuma a wannan launi bambancin yana fitowa ƙarara.

5. Kayan aiki

Rola mai faɗin inci 9 da gashi mai tsawon milimita 10 zuwa 12, guda biyu, ɗaya ta shimfiɗa ɗaya ta launi. Sandar ƙara wa rola tsawo. Buroshi mai yankakken baki, inci 2 ko 2.5, na bin gefe. Farantin rola. Babban bokiti mai murfi. Salatif na masu fenti, ba na naɗe kwali ba. Leda da tsofaffin zannuwa na rufe ƙasa. Samfefa mai lamba 120 da mai 220. Abin cike tsaga da wuƙarsa. Tsani, soso, tsumma, takunkumin ƙura, da fitilar hannu mai ƙarfi.

Sabuwar rola takan zubar da gashi. Ku naɗa mata salatif ku ɓare, ko ku wanke ta ku matse kafin amfani, don kowane silin gashi ana ganinsa a jan bango.

6. Gyaran bango

Ku fitar da abin da zai fitu, ku tara saura a tsakiya ku rufe. Ku kashe wuta daga babban makunni kafin ku kwance murafen soket. Ɗigon jan fenti a kan tayil mai shan ruwa ko a layin da ke tsakanin tayil yana da wuyar fita, don haka leda a ƙasa, zane a samanta, a manne gefuna.

Sai gwaji uku. Ku shafa tafin hannu a bango: in ya fito da farar hoda, tsohon fentin ya mutu, sai an wanke an sa shimfiɗa mai kama hoda. Ku jiƙa auduga da sifirit ku goga a wani lungu: in fentin ya biyo audugar, na ruwa ne, in bai motsa ba, na mai ne, kuma fentin ruwa ba ya kama shi sai an kashe ƙyallinsa da samfefa an sa shimfiɗa mai manne wa santsi. Na uku, in kuna zargin laima, ku manna leda mai faɗin santimita 50 a bangon, ku rufe gefunanta ruf, ku bar ta kwana ɗaya. In kun ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ruwa na fitowa daga bangon. A nemo inda yake shigowa a toshe, in ba haka ba farin gishiri zai ɓullo ta cikin jan, fentin ya kumbura ya ɓare.

Ku cike tsaga da ramukan ƙusa, ku bari su bushe, ku goge da 120, ku bi da 220. Daga nan ku kashe fitilar ɗaki, ku kwantar da fitilar hannu a jikin bango ta yadda haskenta zai bi fuskarsa. Duk wani tudu da ido bai gani ba zai yi inuwa. Ku yi masa alama da fensir ku gyara. A ƙarshe a share ƙura da ɗanyen soso a bari ya bushe.

Gargaɗi: sabuwar filastar siminti tana buƙatar kamar mako huɗu kafin a sa mata fenti. Ɗanyen siminti yana da kaifin da ke cin sinadarin ja, sai ku ga wurare sun koɗe fari-fari. Ko bayan mako huɗun, a fara da shimfiɗa mai jure kaifin siminti.

Wani gargaɗin: tsohon fentin mai a tsofaffin gidaje yana iya ƙunsar dalma, ƙurarta kuma guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu. Kada a goge shi a bushe ko a ƙona shi. A gwada shi tukuna, ko a kira wanda ya san aikin.

7. Shimfiɗar toka

In akwai matakin da ya raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka, to wannan ne. Shimfiɗa ita ce fentin farko da ake sawa kafin launi, wadda masu sana'a ke kira firaima. Da yawa sukan sa fara, don ita aka saba da ita. A ƙarƙashin ja, fara ita ce mafi muni. Haske na ratsa jan, ya daki farin, ya dawo da ƙarfi, sai duk inda fentin ya ɗan fi siriri ya yi haske, inda ya ɗan fi kauri ya yi duhu. Dabbare-dabbaren da ake kuka da shi ke nan.

Ruwan toka shi ne magani. Yana shanye wani ɓangare na hasken, sai bambancin kauri da siriri ya daina fitowa, launin ya kai zurfinsa a shafa biyu zuwa uku maimakon biyar. Ku ce a haɗa muku shimfiɗar ta zama toka matsakaiciya. Wasu kamfanoni suna rubuta irin tokar da ta dace da kowane launi a katin samfuri ko a na'urar haɗi, ku tambaya. In tokar ta yi duhu da yawa, jan zai fito kamar ya sha hayaƙi, ruwan hodar da kuke so ya ɓace. In ta yi haske da yawa, kun koma matsalar fari. Shi ya sa na ce a gwada ta tun a kwalin mataki na 2.

Wasu kan sa shimfiɗa mai ruwan hoda, da tunanin ai ta fi kusa da launin. Ta fi fara, amma ba ta kai toka rufewa ba, kuma takan sa launin ƙarshe ya fi yadda aka zaɓa haske.

Shafa ɗaya ta isa idan ta rufe ko'ina daidai. Wuraren da kuka cike tsaga sun fi sauran bango shan fenti, don haka ku fara ɗiga musu shimfiɗa su bushe, sannan ku bi bangon duka. Idan ta bushe, ku ɗan bi ta da 220 a hankali, ku share ƙurar.

8. Haɗe gwangwanaye da manna salatif

Ku juye duk gwangwanayen launin a babban bokiti ɗaya, ku gauraya da sanda daga ƙasa zuwa sama na minti biyar ko fiye. Kala takan kwanta a gindin gwangwani, ku kankaro ta duka. Kada ku ƙara ruwa fiye da abin da aka rubuta a jiki. Ana yawan tsinka fenti don ya yi auki, to wannan launi da ma a tsinke yake.

Layin da ja ya haɗu da farin silin ko farin bango shi ne inda ido ke fara zuwa. Ku manna salatif, ku danne bakinsa da wuƙar cike tsaga. Sannan ga dabara: ku shafa siririn fentin launin da ke ƙarƙashin salatif ɗin, wato farin, a kan bakinsa, ku bari ya bushe. Duk wata kafa da fenti zai bi ya kutsa, farin ya riga ya toshe ta. In rabin bango za ku yi, ku ja layin da ma'aunin ruwa na magina, kada ku auna daga ƙasa, don daɓe ba ya cika zama daidai ba.

9. Shafawa

In za a yi wa silin fenti, shi ne farko, ya bushe kafin a taɓa ja.

Bango ɗaya ake yi a gama kafin a koma wani. Ku bi gefuna da buroshi, faɗin santimita 5 zuwa 7, nan take kuma rola ta biyo baya tun gefen bai bushe ba, ta matsa kusa da kusurwa iyakar iyawa. In kuka zagaye ɗakin duka da buroshi sannan kuka dawo da rola, za a sami wani duhun zobe da ya kewaye kowane bango, kuma ƙarin shafa ba ya saurin ɓatar da shi. Mutum biyu sun fi dacewa da wannan aiki, ɗaya da buroshi a gaba, ɗaya da rola a baya.

Ku cika rola daidai, ba ta ɗiga ba kuma ba ta bushe ba. Ku shafa faɗin kamar mita ɗaya daga sama har ƙasa, ku baza, sannan ba tare da ƙara fenti ba ku sauko da rolar a hankali daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, duk ta fuska ɗaya. Sashe na gaba ya hau kan ɗanyen bakin na baya. Kada ku danna rola don matse ragowar fenti, gefunanta za su bar layuka. Kada ku tsaya a tsakiyar bango don amsa waya ko hutawa, ku kai kusurwa tukuna.

Shafar farko za ta ba ku tsoro. Za ta fito da shati-shati, tokar na leƙowa, launin kuma ba wanda kuka zaɓa ba. Haka take. Babban kuskure a nan shi ne komawa kan wurin da ya fara bushewa don a gyara, sai rola ta ɗago fentin ta bar tabon da zai bi ku har shafa ta uku. Ku bar shi.

Tsakanin shafa da shafa, abin da aka saba rubutawa a fentin ruwa awa 2 zuwa 4 ne. Launi mai zurfi ya fi jinkirin bushewa saboda yawan kalar da ke cikinsa, don haka ku ba shi aƙalla awa 6, in da hali ya kwana. Ku naɗe rola da buroshi a leda kada su bushe. Bayan shafa ta biyu ku duba da rana da kuma fitilar hannu. Yawanci sai an yi ta uku. Siraran shafa uku sun fi masu kauri biyu, don mai kauri yana zuba ya yi hawaye a bango.

Gargaɗi: kada a yi aikin cikin tsananin zafi ko sanyi. Tsakanin digiri 10 da 30 a ma'aunin Salshiyas shi ne daidai. A buɗe taga don iska, amma kada a juya fanka kai tsaye kan bango, domin bakin fentin zai bushe kafin rola ta dawo. Ranar da ƙura ke tashi kuma a rage buɗe tagar.

10. Cire salatif da makonnin farko

Ku cire salatif bayan shafar ƙarshe tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, kamar bayan rabin awa zuwa awa ɗaya. Ku ja shi a hankali, a karkace, kuna nisanta shi daga jan. In ya riga ya bushe, ku bi bakinsa da reza tukuna, in ba haka ba zai ɓaro fentin.

Bushewa daban, ƙwari daban. Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awanni, amma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya yi ƙwarin gaske. A wannan tsakanin kada a wanke shi, kada a jingina masa kujera ko katifa, kada a manna masa komai. Ku bar tazarar yatsu huɗu tsakanin kaya da bango. Ko tsumma ya ɗan ɗauko ja a kwanakin farko, ba abin tashin hankali ba ne.

A banɗaki ko kicin, in tururi ya sami fentin tun bai yi ƙwari ba, za ku ga wasu layuka masu danƙo da sheƙi suna gangarowa. Wani sinadari ne mai kama da sabulu ke fitowa daga cikin fentin, kuma launuka masu zurfi sun fi yin haka. Ba a rufe shi da sabon fenti. A goge da soso mai laushi da ruwa zalla, a hankali, zai daina da kansa. Mafi sauƙi dai a hana wanka da ruwan zafi a wurin na kwana biyu ko uku.

11. Abin da zai zauna kusa da shi

Fari fat a gefen wannan launi yana da kaifi, yakan sa jan ya yi ihu. Fari mai ruwan madara ko toka mai ɗumi sun fi kwantar da shi. Katako mai duhu, tagulla, da baƙin ƙarfe duk suna tafiya da shi. In kuna son launi na biyu mai ƙarfi, kore mai duhu ko shuɗi mai duhu ne, amma kaɗan, kamar a matashin kujera ko tukunyar shuka. Ganyen shuka na gaske a gaban wannan bango yana da kyau ƙwarai. Abin da na fi ganin yana faɗa da shi shi ne jan da ya karkata zuwa ruwan goro, da rawaya mai haske. In kafet ko labulenku irin wannan ne, ɗaya daga ciki sai ya bar ɗakin.

Masu adon gida suna da wani ƙiyasi na 60, 30, 10: launi mai rinjaye, mai bi masa, da na ɗigo. Ba doka ba ce, amma ga mai farawa, ajiye wannan ja a 30 ko 10 ya fi aminci. Ku kuma maimaita shi sau ɗaya ko biyu a wani gefen ɗakin, a zanen bango ko ƙaramar darduma, don kada bangon ya zama bare.

12. Gyaran tabo da ajiyar ragowa

Ɗiga fenti a tsakiyar jan bango kusan kullum yana nunawa, ko da daga bokiti ɗaya ne, saboda kaurin wurin ya ƙaru kuma na bangon ya ɗan sha rana. Ƙaramin ƙwarzane a taɓa shi da bakin siririn buroshi, iya ƙwarzanen kawai. In wurin ya kai tafin hannu, gara a sake bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, shafa ɗaya.

Ragowar fenti a juye ta a ƙaramin mazubi da za ta kusan cikawa, don iska ce ke busar da ita. A rufe ruf, a rubuta lambar launi da sunan kamfani da ɗakin da aka shafa, a ajiye inda rana da tsananin sanyi ba sa kaiwa, nesa da yara.

Ranar da kuka so komawa launi mai haske, kada ku hau jan da farin fenti kai tsaye, zai riƙa ɓullowa ruwan hoda. A kashe ƙyallinsa da samfefa mai 220, a share, a yi shimfiɗa mai ƙarfin rufewa sau ɗaya ko biyu har jan ya daina nunawa, sannan sabon launi shafa biyu.